Wanda ya ce in hura wa zaren

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, in ɗauki waya in ajiye, don tsoron a ce na ƙara gishiri. Wallahi da ni ya faru, shekarun baya, ina aiki a wata ma'aikatar gasa bulo kusa da Gidan Rumji.

Murhunmu ɗaki ne dogo na ƙasa, a jera bulo, a toshe ƙofa da laka, a kunna wuta ta ƙasa da ɓawon gyaɗa. Mai gidanmu ya kawo wani injiniya daga Maraɗi, Malam Isufu, ya sa zaren gilashi siriri kamar gashi a ciki, wanda wuta ba ta cinsa. In iskar ciki ta canza, na'ura a buro, wato ofis, sai ta yi ƙara.

Ƙa'idarmu, mai shiga murhu yana barin takalmansa a bakin ƙofa, muddin suna nan ba a toshewa. Ranar, bayan azahar, zuciyata ta ƙi kwanciya, ni dama haka nake, na ce ko bulo ya danne zaren. Na cire takalma na kutsa har ƙurya. Ashe Inna Hajo mai kawo mana fura ta ga robar takalman tana laushi a rana, ta mai da su inuwa. Baba Nomau mai kula da toshe ƙofa ya duba bai ga komai ba, suka toshe.

Na juyo sai duhu. Na yi ihu, na buga bango, ina! Injin niƙa ƙasa yana ruri a waje. Hanyar ba ta wuce faɗin kafaɗuna ba, ga warin ɓawon gyaɗa ya fara tasowa, ƙasa tana ɗumi a tafin ƙafata. Na kama zaren zan fizga, sai na ji numfashi a gefen kunnena, ta inda babu komai sai bulo.

"Kada ka ja, ɗan'uwa. Hura masa."

Muryar dattijo ce, Hausarsa irin ta Fulani. Na sa baki ina hurawa ina salati, kuma na rantse shi ma yana hurawa, in na tsaya shan iska nasa bai tsayawa.

Ƙarar na'urar ce ta kawo su. Da suka fasa ƙofar Baba Nomau yana kuka yana zagina a haɗe. Malam Isufu kuwa ya shiga da fitila ya daɗe, ya fito ya tambaye ni ina ɗayan. Wai abin da na'urar ta nuna ya fi ƙarfin ƙirjin mutum guda.

Har yau ba na iya rufe ƙofar ɗakina duka. Masu aikin murhu, ku leƙa ku yi kira kafin ku toshe, kada ku dogara da takalmi. Kuma don Allah, wanda ya san tsohon murhun da ke filin kafin namu, ko wani Bafulatani da ya je aiki can bai koma gida ba, ya sanar da ni. Ina so in san sunan da zan sa a addu'a.