Malama Nevena da Hannun da Ta Aro wa Ɗaliba

Kafin ƙarfe bakwai na safe Malama Nevena Gancheva ta iso jami'a, burodinta mai cuku yana naɗe a takarda, ba ta ko gutsura ba. Sai ta bi ɗakunan lacca ɗaya bayan ɗaya, ta kunna kyamara, ta gwada makirfo, ta tabbatar ɗaliban da ke karatu daga ƙauyukan kan dutse za su ji malaminsu. Mu masu shara mun san takunta. Da kaset ta fara wannan aiki, tana ɗaukar lacca tana aikawa ta gidan waya. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta sauka daga shugabancin cibiyar da ke koya wa malamai koyarwa da na'ura.

Manyan farfesoshi kan lallaɓa ofishinta, su rufe ƙofa, su ce kwamfuta ta gagare su. Ba a taɓa jin ta tona asirin ko ɗaya ba.

Amma abin da ba za a manta ba shi ne ranar Radostina. Ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe, ta faɗo daga tsani ta karye a ƙugu ana saura mako biyu jarrabawar baka. In ta rasa ta sai baɗi, aikin koyarwar da ke jiranta a ƙauyensu kuma ya tafi. Ga al'adarmu: ana kife takardun tambayoyi a kan tebur, ɗalibi ya zaro ɗaya da hannunsa, don kada a ce an zaɓa masa. Sai Malama ta kawo shawarar a yi mata jarrabawar ta na'ura, tana kan gadon asibiti.

"Ba da ni ba, Nevena," in ji tsoho Farfesa Dobrev mai jarrabawar. "Ta cikin akwatin nan naki za ta miƙo hannu?"

"Haba Dobrev, kai ba ka da hannu ne? Ara mata naka."

"In ara mata me?"

"Hannun da kake kayar da yaran mutane da shi. Yau dai ya yi abin kirki."

Ya harare ta, amma bai ce a'a ba. Malama ta hau bas, tafiyar awa uku, ta kafa na'ura a gefen gadon asibiti, ta roƙi wata nas ta tsaya shaida cewa babu littafi a ƙarƙashin bargo.

Ranar jarrabawa Dobrev ya miƙa hannu a saman takardun, Radostina tana kallo daga kan gado.

"Hagu, Farfesa. A'a, kun wuce. Ku ɗan koma baya."

"Yarinya, hannu ne fa, ba mota ba."

"Nan! Wannan."

Ya juya takardar, ya girgiza kai. "Kin zaro wa kanki mai wuya."

"Ai hannunku ne, Farfesa."

Minti ashirin tana amsawa ba gargada. Tsohon ya rubuta mata shida, makin da babu na sama da shi. A shekarar majalisar jami'a ta mayar da wannan hanya doka ga duk ɗalibin da ciwo ya kwantar, Radostina kuma yanzu tana gaban aji a ƙauyensu, da sandarta.

Malama, ke ce mai buɗe ƙofar da aka ce a rufe take. Ba ki rushe al'adar tsofaffi ba, ba ki kuma bari ta danne yarinya ba. Babu ɗakin da aka sa wa sunanki, amma mun ga abin da kika yi, mun gode.

Ku da za ku gaje ta, in aka ce muku ɗalibi ba zai iya zuwa ba, ku tashi ku hau bas.