Kifin da Anti Ta Daina Ci

Har in koma ga Allah ba zan manta da Asabar ɗin da muka kalli wani fim a shagona na kitso a Kafanchan ba. Yau shekara tara ke nan. Na yi aure, na haihu, shagon ma na bar shi, amma duk sanda aka ajiye mini kifi a faranti sai abin ya dawo mini sabo.

Ina da Anti, yayar babana. Mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Na tashi na tarar tana zaune da wata mata da duk unguwa ke kira Madam, 'yar Ibo ce amma haifaffiyar Kafanchan, babanta tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Tare suke sana'ar citta, Anti ta shiga ƙauyuka ta sayo, Madam ta yanka ta shanya a tsakar gida. Tukunyarsu ɗaya, bencinsu ɗaya a coci. Shekara ashirin da biyu suna haka babu wanda ya ce uffan. A gidan na yi sakandare. Madam ce ta kai ni koyon kitso, ita ce kuma ta fara ba ni kanta na yi gwaji. Na ja mata gashi har ta yi hawaye, amma ta duba madubi ta ce ya yi kyau.

Akwai wani abu da duk wanda ya ci abinci a gidan ya sani. Ƙayar kifi ta taɓa maƙale wa Anti a wuya har aka kai ta asibiti, tun daga nan ba ta cin kifi sai wanda Madam ta gyara. Madam za ta ɗora gilashi a kan hanci, ta bi tsokar nan a hankali tana zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya, tana mita wai ta gaji da bauta, sannan ta tura wa Anti farantin.

A lokacin ni ce sarauniyar surutu a layinmu. Mata na zuwa shagona rabi don kitso, rabi don dariya, ni kuma ina ji da wannan baiwa. Ranar ana yayyafi, an kawo wuta, mu shida ne a ciki. Mutumin da ke tura mini fina-finai a kasuwa ya ce ya sa mini wani sabo na soyayya, na ƙasar waje. Na kunna. Mata biyu ne a fim ɗin, ɗaya da aure. Da farko mun ɗauka ƙawaye ne, sai da tafiya ta yi nisa muka gane son juna suke yi. Nan fa aka fara tsaki da "Allah ya kiyaye", amma ki lura, babu wadda ta ce in kashe. Ni kaina fim ɗin ya taɓa ni, ko da yake ko da wuƙa a wuya ba zan faɗa ba a ranar.

Sai aka nuno su suna cin abinci. Ɗayar ta jawo farantin 'yar uwarta ta shiga zare mata ƙayar kifi. Bakina ya riga hankalina.

"Lah, wannan ai Madam ce da Antina!"

Na yi dariya ni kaɗai. Matar da kanta ke hannuna, matar wani dattijon cocinmu, ta juyo a hankali, da irin Hausarmu ta nan da ba ta raba mace da namiji.

"Ka ce mene?"

"Wasa nake yi, Mama."

"To. Wasa ne."

Da za ta tafi ta nemi in ara mata memorin da fim ɗin ke ciki, wai za ta nuna wa mijinta irin abin da yara ke kallo yanzu. Na cire na ba ta da hannuna, har ina murna an bar maganar.

Ba a yi sati ba zancen ya kai bakin famfo, ya kai kasuwa, ya kai zumuntar matan coci. Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne babu wanda ya ga komai, amma kowa ya zama mai shaida. Wadda Madam ta yi jinyar ɗanta ta tuna cewa zane iri ɗaya suke ɗaurawa ranar Kirsimeti. Wadda ke aron turminsu ta tuna Anti ta ƙi maza biyu bayan rasuwar mijinta. Abubuwan da aka yi shekaru ana yaba musu da su, su aka juya aka yi musu tuhuma.

Dattawan ikilisiya suka kira su, suka kira ni tunda ni 'yar gida ce. Na rantse ban taɓa ganin wani abu ba, kuma gaskiya na faɗa. Sai wani ya tambaye ni, tun da na bar gidan wa ke kwana a ɗaki na biyu, don ɗaki biyu ne kawai a gidan. Na ce buhunan citta ne a ciki. Wannan ma gaskiya ce, kuma ita ta gama da su. Aka ce don kada su zama abin tuntuɓe ga ikilisiya sai su raba gida, kafin nan kuma su koma bencin baya, ba za su ci jibin Ubangiji ba, wato gurasar da ake raba wa masu bi a coci. Anti ba ta kare kanta ba. Cewa kawai ta yi ta haura sittin, tana da ciwon suga, wa zai riƙa lura da ita. Aka ce ai tana da dangi.

Dangin suka zo da mota a-kori-kura, su babana, suka kwashe ta zuwa ƙauyenmu can bayan Gidan Waya. Madam ta fito da magungunan Anti a leda, ta rubuta lokacin shan kowanne a takarda, ta miƙa wa babana. Ya ƙi karɓa daga hannunta. Ta ajiye a ƙasa, ni na sunkuya na ɗauka, ban iya kallon fuskarta ba. Bayan wata biyu, da jifan rufin gidanta ya yi yawa, Madam ta koma wurin 'yar wanta a Sabon Tasha.

Anti ba ta taɓa yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Wata rana na je ƙauye na dafa mata kifi, na zauna na zare ƙayar nan tsaf, ina tsammanin da haka zan rage laifina. Ta dubi farantin ta ture shi gefe.

"Ta tafi da gilashinta kuwa? Kullum a kan taga take mantawa da shi."

Abin da ta ce ke nan. Wata goma sha huɗu ta yi a ƙauyen ta rasu.

Aka fitar da anko na jana'iza, aka buga takarda da sunayen dangi har da waɗanda ba su taɓa taka gidanta ba. Babu sunan Madam, babu wanda ya gaya mata. Ni na kira ta a waya. Ta zo, ta tsaya can ƙarƙashin mangwaro da tsohon zanenta, ta rame sosai. Matan da suka tura Anti bencin baya su ne suka fi kowa ɗaga murya a waƙa. Na ɗauko yadin ankon da na ɓoye mata na kai, na durƙusa na fara ba ta haƙuri. Ta bar ni na gama.

"Garin nan yana da ido tun kafin a haife ka," in ji ta. "Sun gani, sun yi shiru, mun zauna lafiya. Kai ne ka ba su baki."

Sannan ta tambaye ni ko Anti na cin kifi a ƙauye. Na so in yi ƙarya, na kasa. Ta gyaɗa kai, ta mayar mini da yadin a hannu, ta kama hanyar titi tun ba a raba abinci ba. Ban sake ganinta ba.

Har yau ban san abin da ke tsakaninsu ba, kuma na gane ba hurumina ba ne in sani. Abin da na sani shi ne akwai tsohuwar da ke da mai kula da ita, na raba su don in ba mata biyar dariya, kuma ko dariyar ba su yi ba. Tun daga lokacin na koyi cewa rayuwar mutum ba kayan raha ba ce, kuma maganar da ta fita a gaban jama'a ba mai ita ke zaɓa mata inda za ta tsaya ba. Mutane na cewa na yi sanyi, aure ya gyara ni. Ina barinsu su faɗa. Yadin nan yana ƙasan akwatina, ban ɗinka ba, ban kuma iya bayarwa ba.