Mai Haƙa Rijiya na Kaka

A Mabai, da an sauke tukunyar tuwo, Kaka takan tura rogo cikin toka mu kewaye murhu. Tatsuniyoyinta duk na kura da gizo ne, ban da guda ɗaya da ta samo a Yankara. Ta je suna, aka kunna musu wani fim a bidiyo, mata suka gaji suka watse, ita kaɗai ta zauna.

Labarin wani dattijo ne da ke haƙa rijiya shi kaɗai da rani. Ya shiga rami, ya cika kwando, ya fito ya zubar, ya koma. Haka take ba mu shi, kwando bayan kwando, har rogo ya ƙone.

"Kaka, ina kurar?" in ji mu.

"Babu kura. Haƙa dai yake."

"To ya samu ruwan?"

"Mi na sani? Man janareta ya ƙare. Abin da ban gani ba, ba ni ɗora ma bawan Allah."

Haushi ya ishe mu, amma tambayar ta zauna min a rai shekara da shekaru. Ita ma haka.

Bara, da ciwo ya kwantar da ita, na yi ta cigiyar fim ɗin har aka haɗa ni da wani Malam Sani a Sabuwa, mai tara tsofaffin kasusuwan bidiyo a akwatin ƙarfe. A ciki muka same shi. Ya ce irin wannan fim ya fi so, don bai yi kasuwa ba, ba wanda ya kwafa. "In wannan ya tsinke, dattijon nan ya mutu ke nan."

Muka kalla awa biyu. Bayan inda Kaka ta tsaya, dattijon ya fito, ya karkaɗe wando, ya leƙa ramin. Sai sunaye suka fara hawa. Minti ɗaya kacal ta rasa.

A hanya na shirya mata ƙarya mai daɗi, ruwa har da kwaɗi. Da na zauna a gefen tabarmarta ta kamo hannuna.

"Ya samu?"

Bakina ya ƙi. "Bai samu ba tukuna, Kaka."

Ta yi murmushi. "To, gobe ya koma."

Yanzu in aiki ya ƙi min, wannan maganar nake ji. Ita kuwa kwana tara ta ƙara.