Bangon Malama Mai Fenti

Ƙanwar matata ce, autarsu. Ni ina kiranta Auta, ita tana ce mini Mijin Yaya, har yau da dukanmu muka yi furfura. Amma a makarantar firamaren da muka koyar tare, da ma unguwar baki ɗaya, Malama Mai Fenti kowa ya sani. Ni lissafi da rubutu na koyar, ita zane.

Makarantar mishan ɗaya muka yi, ni a gaba, ita a baya da 'yan shekaru, amma ta riga ni kama aikin koyarwa. A can aka koya mana cewa layi a miƙe yake, harafi kuma ba ya jingina da ɗan'uwansa. Akwai wata Sista doguwa mai tabarau da ke zagaya aji da rula, tana duba yadda muka riƙe alƙalami. Ni na karɓi wannan tarbiyya hannu bibbiyu, har yanzu ba na iya aika saƙo a waya babu waƙafi. Abin da Auta ta ɗauko daga wajen Sistar daban ne. Wata rana an kama ta tana zana kyanwar kicin a bayan littafin lissafi. Sista ta ɗaga littafin, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce kunnen hagu bai yi ba, ta je ta sake duban kyanwar. Ba duka, ba faɗa. Auta takan ce tun ranar ta san aikin da za ta yi a duniya: aika yara su je su sake dubawa.

A makarantarmu darasin zane shi ne na ƙarshe ranar Alhamis, lokacin da yunwa ta gama kama kowa. Shi ne kuma darasin da ake ara ba a mayarwa. Idan fili ya yi ciyawa, zane ake ɗauka. Idan jarrabawa ta matso, zane ake ɗauka. Takarda babu, kala babu. Abin da ya cece ta shi ne yayansu, mai fentin motoci a gareji. Duk ragowar fentin da ya kwanta a gindin gwangwani shi yake tara mata, tare da burushin da suka gaji da aiki. Ita kuma ta ɗaure su a bayan kekenta ta kawo, tana warin kananzir.

Akwai wani dogon bango a bayan ajin ƙarshe, yana kallon famfo, rufin kwano ya ɗan yi masa inuwa. Nan ta mayar littafinta. Duk yaron da zai gama makaranta, a makonsa na ƙarshe sai ta auna masa wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, ya zana abu ɗaya. Dokokinta ba su da yawa. Ba a rubuta suna, ba a kwafa daga littafi, kuma ba a zana abin da ba a gani da ido ba. Na tuna wani yaro da ya nace sai jirgin sama.

Ta ce, "A ina ka gan shi?"

Ya ce, "A sama, Malama."

"To zana mini shi yadda ka gan shi."

Ya yi ɗigo ɗaya ƙarami, ya ja masa farar jela. Ta ce a duk shekarar babu wanda ya kai shi gaskiya.

Kalar kuwa ba zaɓi ba ce, abin da gareji ya bayar ne. Shekarar da yayansu ya samu aikin motocin haya, komai kore ya fito: koriyar akuya, koren agogo, har da wata koriyar kaka tana tsefe kai. Shekarar tankokin ruwa komai shuɗi. Har ya zama idan manyan mutane biyu da suka yi makarantar suka haɗu a layin asibiti, ba sa tambayar shekarar da aka gama. Sai ka ji ɗaya ya ce, "Kai ɗan shuɗi ne ko ɗan ruwan toka?"

A hankali bango ya cika. Ta matsa da yara can sama sai da tsani, ta sauko da su ƙasa sai sun durƙusa, ta zagaye gefen taga. Daga nan wuri ya ƙare ƙaf. 'Yan shekarun ƙarshe a kan kwali yaran suka riƙa yin nasu, ta jera a sito, gara ta bi ta cinye. Na ga abin yana damunta, wata rana na ce mata ta shafe tsofaffin mana, ai masu su sun yi gemu.

Ta kama hannun rigata ta kai ni gaban bangon. Ta ce, "Bismilla, Mijin Yaya. Kai ne mai lissafi. Zaɓo mini wanda zan fara shafewa."

Na duba. Ga tsani na wani da ya zama magini. Ga takalmin wata yarinya da ta rasu wajen haihuwa. Na ce mata ina da aji yana jirana.

Ta ce, "Na san za ka tuna da ajin."

A shekararta ta ƙarshe kafin ritaya aka kawo mana sabon hedimasta. Saurayi ne a kanmu, mai tsabta, mai ƙoƙari, kuma ba ɗan unguwar ba ne. Ina so a fahimce ni, ba mugun mutum ba ne. Shi ya gyara mana rufin da ya daɗe yana yoyo, shi ya sa aka yi wa makewayi ƙofa. Wata rana ya tara mu a ofishinsa ya ce wata gidauniya za ta zaɓi makaranta ɗaya a yankinmu ta shirya mata ɗakin zane, za ta kuma tura malami ɗaya kwas. Bai ɓoye mana sauran maganar ba. Ya ce idan Malama ta yi ritaya babu mai takardar koyar da zane a cikinmu, don haka in ba mu samu komai ba, darasin Alhamis zai koma lissafi.

Kowa ya san wadda Auta take so ta gaje ta. Wata yarinya ce da ke koyar da aji biyu, muna ce mata Malama Ƙarama. Ɗalibarta ce tun tana da majina a hanci, 'yar tela, hannunta yana da kyau, sai dai kunya ta yi mata yawa. Idan Hedimasta ya yi mata magana, da takalminsa take gaisawa.

Ranar Litinin baƙin gidauniyar za su zo. Ranar Asabar Hedimasta ya ɗauko leburori ya ce a shafa wa makaranta farar ƙasa, duk bangon da ya yi datti kada a bar shi. Suka bi umarni da zuciya ɗaya. Suka shafe ajujuwa, suka shafe duwatsun bakin hanya, suka yi wa itatuwa farar safa. Daga nesa bangon Auta ya yi kama da datti, don rana ta daɗe tana cin kalarsa. Suka yi masa shafi biyu.

Da na iso ranar Litinin da safe, na tarar da kekenta a yashe a ƙasa, gwangwani ɗaya ya gangara. Tana tsaye gaban bangon, hannuwanta a bayanta, kamar mai karanta sanarwa. Fari fat, tun daga taga har kusurwa.

Na ce, "Auta."

Ta ce, "Sun iya aiki. Ko ɗigo ba su bari ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta ciro hankicinta ta jiƙa a famfo, ta dangwala a wani wuri daidai kafaɗarta, tana son ta ga ko zai goge. Bai gogu ba. Amma inda ruwan ya taɓa, farin ya yi shara-shara, sai ga wani jan abu yana leƙowa kamar fuska a bayan labule. Ta ƙara ruwa. Keken ɗinki ne. Muna tsaye muna kallo iska ta busar da wurin, keken ya koma ciki.

A haka Hedimasta ya same mu. Da na gaya masa abin da ke ƙarƙashin farar ƙasar, sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Malama, wallahi na ɗauka ɓarnar yara ce. Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ce ban taɓa kamo hannunka na kawo ka ba. Ina ganin duk mai ido ya gani."

Ya ce in baƙi sun tafi zai sa a kankare, ko da kuɗin aljihunsa ne. Yanzu dai a nuna musu taswirorin da ke rataye a ajujuwa.

Ta ce, "Waɗannan ai a kanti aka sayo su. Ka dai ara mini bokitan makaranta, da 'yan ajin ƙarshe."

Baƙin su uku ne: wata dattijuwa mai ƙaramar murya, ita ce shugabarsu, da maza biyu, ɗaya da kyamara a wuya. Suka zaga ajujuwa, suka yaba tsabta. Can dattijuwar ta ce ta ga fenti ko'ina, amma ba ta ga aikin yara ba. Auta ta ce su biyo ta. Ta tsayar da su gaban farin bango, ga yara a jere, kowa da kofi a hannu, bokitai a gabansu. Ɗaya daga cikin mazan ya duba agogonsa.

Ta ce wa yaran, "Ku watsa a hankali. Ba wanka za ku yi masa ba."

Suka fara daga kusurwar hagu. Akuyar nan koriya ta fito, sai agogo, sai kaka mai tsefe kai. Aka matsa gaba, shuɗi ya fara bayyana. Yara suka manta da baƙi. Wannan ya ce ga buta ta babansa, waccan ta ce wannan kazar yayarta ce ta zana, an sha ba ta labarinta a gida. Kafin a kai tsakiya, na farkon sun fara komawa cikin farin. Mai kyamara ya rasa inda zai tsaya, ya yi gaba ya dawo baya, takalminsa ya jiƙe sharkaf. Hedimasta da kansa ya naɗe hannun riga yana ɗebo ruwa daga famfo.

Aka kai ƙarshen bangon. Sannan dattijuwar ta tambayi Auta shekarun da suka rage mata a aiki. Auta ta ce watanni ne, ba shekaru ba. Ta juya ta jawo Malama Ƙarama daga bayan yara, ta tsayar da ita a gaba.

Dattijuwar ta ce, "'Yata, akwai naki a nan?"

Malama Ƙarama ta ɗauki kofi ta watsa daidai inda hankicin Auta ya taɓa da safe. Jan keken ɗinkin ya fito.

Dattijuwar ta ce, "Me ya sa ba a ganin allura? Ƙafa kawai nake gani a kan feda, da ƙasan teburi."

Malama Ƙarama ta ajiye kofin. Sannan ta ce, "Hajiya, a ƙarƙashin teburin nake zama in Baba yana ɗinki. Ni daga nan na san keken. Malama ta ce kada in zana abin da ban gani ba."

Ɗakin zanen ba mu aka ba ba. Wata makaranta aka ba, mai wutar lantarki da ƙofar ƙarfe, kuma ban ga laifinsu ba. Amma kwas ɗin, Malama Ƙarama aka kira. Da takardar ta iso, Hedimasta ya zare jadawali daga bango, ya ɗauke zane daga ƙarshen Alhamis ya kai shi safiyar Talata, ya rubuta da biro ba da fensir ba. Ni na san abin da hakan ke nufi, don darasina ne ya matsa.

Bai manta da alkawarinsa ba. Mako na zagayowa ya dawo da leburorin nan da ƙarafunan kankara. Auta ta tare su a bakin famfo.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sallame su. Shekara da shekaru ina neman mai ƙarfin halin da zai yi mini wannan aikin, ban samu ba. Mijin Yaya ma gudu ya yi."

Ya ce, "Amma Malama, aikin rayuwarki ne a ciki."

"Yana nan, ai ka gani. Waɗancan sun samu wurinsu. Ga yara can a ajin ƙarshe, su kuma ba su da ko tafin hannu ɗaya."

Ɗan yayansu, wanda ya gaji garejin, shi ya kawo gwangwanayen shekarar, ruwan lemo ne. Ya shafa bangon da yatsa ya ce, "Gwaggo, fenti fa ba ya kama farar ƙasa sosai. 'Yan shekaru kaɗan zai fara ɓarewa."

Ta ce, "Madalla. Kafin nan wasu sun taso suna neman wuri."

Yanzu hannuwan Auta sun ƙage, ko kofin shayi da biyu take riƙewa. Malama Ƙarama ce ke auna wa yara wuri, kuma an ce ta fi Auta tsanani a kan dokar gani da ido. Idan aka yi ruwa mai iska, irin wanda ke shiga ƙarƙashin rufi ya doki bango, Auta takan aiko jikanta ya ce in zo in raka ta. Mukan tafi a hankali, ni da sandata, ita da lemarta. Sababbin zanen suna sama, ruwan lemo da ja, tsofaffin suna leƙowa ta tsakaninsu. Ba ta cika magana ba a wurin. Rannan dai ta daɗe a gaban wata shuɗiyar kyanwa, sannan ta ce da ni, da yaron nan zai dawo, da ta aike shi ya sake duban kunnen hagu.