Garin shinkafa a bakin ƙofa

Shekarar da maigidana ya fara digirinsa na uku, a ƙasar waje, a unguwar Brickfields muka zauna, a wani tsohon bene mai ƙanshin kori da turare. Ƙofarmu tana kallon ta wata tsohuwa 'yar ƙabilar Tamil, wadda yarana suke kira Pati, wato kaka. A ɗakin nan aka haife ta, a nan ta yi aure, daga nan aka fitar da gawar mijinta. Ba ta da ɗa, ba ta da wani wurin.

Da gutsattsarin Turancinta ta ba ni labari cewa a jirgin ruwa Turawa suka kwaso su kakanta, aka sauke su a tashar Klang kamar buhunan gishiri. Su suka kwaɓa yumɓu, suka gasa tubalin da aka gina garin. Ubanta kuma layin dogo ya yi ta shimfiɗawa har bayansa ya lanƙwashe.

Kullum da sassafe sai ta tsuguna ta yi zane da garin shinkafa a bakin ƙofarta. Na tambaye ta, ta ce tururuwa take ciyarwa, wai a wurinsu ba a buɗe gida ba a ba wani abinci ba. Ni dai tsallakewa nake in wuce.

Sai na yi ɓari. Matanmu 'yan Nijeriya suka zo dubiya, har da Hajiya, matar wani malamin jami'a, wadda ta naɗa kanta uwar ƙungiyarmu ta mata ba wanda ya zaɓe ta. Tana ganin zanen ta ja da baya tana salati.

"Ƙanwata, wannan kike tsallakawa kullum da ciki? Ai dole. Asiri aka shimfiɗa miki."

Na ce, "Hajiya, likita ya gaya min dalili. Garin shinkafa ne, tururuwa take ba wa."

"Tururuwa? Lallai an gama da ke."

Ta shiga banɗakina ta ciko bokiti, ta sheƙa wa zanen a gaban tsohuwar. Washegari Pati ta sake zanawa, abin da ya tunzura Hajiya ke nan. Da yake yawancin mazauna benen 'yan Nijeriya ne, sai ta sa mazan suka je wurin mai gidan, suka ce ko tsohuwar ta fita ko su tashi gaba ɗaya. Shi kuwa ya daɗe yana harin ɗakin, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Na yi masifa har muryata ta dishe. Maigidana ya ce in rufa masa asiri, mijin Hajiya babba ne. Na ƙi yin shiru, aka cire ni daga ƙungiya, aka daina amsa sallamata.

Ranar tashi wani ɗan ɗan'uwanta ya zo da ƙaramar akori-kura, zai kai ta gidan tsofaffi a bayan gari. Hajiya ta tsaya a kan matakala, ta ce ba inda za a je sai an kankare bakin ƙofar. Tsohuwar ta durƙusa da buroshi a kan gwiwoyin da ba sa lanƙwasuwa. Na miƙa hannu zan karɓa, ta ture ni.

"Ƙofata ce," ta ce.

Hajiya ta juya ga matan ta ce, "Baƙi haka suke, ka ba su masauki su nemi mallake ka." Ita da bizarta ke neman ƙarewa. Wallahi na tsani matar nan a ranar, kuma har yau ban huce ba.

Ƙanin Hajiya aka ba ɗakin. Bai yi wani zaman kirki ba ya ce ya yi masa kaɗan, ga zafi, ya koma unguwar Cheras. Lokacin da ɗan ɗan'uwan ya biyo ya gaya min Pati ta mutu, ɗakin a kulle yake, mai gidan yana ajiye gwangwanayen fenti a ciki.