Fitilar Titi a Ɗakin Tumatir

Ko a gadon mutuwa nake, ranar da aka zo ƙona mini ɗakin tumatir a Jibiya ba za ta fita daga raina ba. Lokacin shari'a na sabuwa, kowa idonsa na kan gidan maƙwabcinsa.

Ni manomin rani ne, ban yi boko ba. Duk damina ruwa kan ruɓar mini da irin tumatir tun yana ƙarami. Sai wani direba ɗan Maraɗi ya kawo mini tsohon ƙwan fitilar titi, mai hasken ruwan goron nan, ya ce ya ji ana rainon shuka da shi a cikin ɗaki. Na haɗa shi da janareta. Karon farko na rataye shi ƙasa-ƙasa, ya ƙone shukar ƙurmus. Na ɗaga shi sama, na kifa masa tsohuwar tukunyar alminiyam don hasken ya sauko. Tumatir ya miƙe.

Daga nan magana ta zaga gari, wai wiwi nake nomawa. Ran nan bayan la'asar sai ga 'yan sa-kai na unguwa da bulala da jarkar kananzir, wani dattijo a gabansu.

"Malam, buɗe mana," in ji dattijon. "Mai gaskiya ba ya shuka a ɗaki."

Na buɗe. Abin da ban lura da shi ba sai ranar, hasken nan yana kashe launi. Ganyen ya yi duhu, har fararen rigunansu suka koma ruwan goro.

"Kun gani ko?" in ji ɗayansu. "Ganyen ma ba kore ba ne!" Ya fara kwance murfin jarka.

Na tsaya a bakin ƙofa. "Sai dai ku haɗa da ni."

Na tuge tushen tumatir da ya fi kyau, na fito da shi rana, na murje ganyen, na kai wa dattijon hanci.

"Shaƙa, Baba. In ba ka san wannan warin ba, ƙona."

Ya shaƙa. "Tumatir ne. Ka yi haƙuri."

"Ba a nan aka ɓata ni ba," na ce. "A ƙofar masallaci aka yi. Can za ka faɗa."

Bayan magariba ya tashi ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Na ce ban ji ba. Ya sake.

Yau na tsufa, kuma ban yi nadamar taurin kan nan ba. Da na tsaya roƙo, da ɗakin ya zama toka, sunana ya bi shi. Abin da na koya ke nan: in an yi maka ƙarya, kada ka durƙusa. Fito da abinka rana, kowa ya gani.