Tsaya-Daidai da Wandunan Masu Shara

Yayana tela ne, kuma a layinmu ba mai kiransa da sunansa na yanka. Tsaya-Daidai ake ce masa, don ita ce maganar farko da zai tare ka da ita in ka shiga shagonsa. Shagon askina yana kallon nasa, titi ne kawai a tsakaninmu, saboda haka duk abin da zan faɗa a kan idona ya faru.

Mutum ne mai sauƙin kai a komai, ban da abu ɗaya: ba ya sa almakashi a yadi sai ya ga mai shi. Ko tsohuwar rigarka ka kawo ka ce a ɗinka irinta, zai ce rigar ba ta ajiye tumbi ba, kai kuwa ka ajiye. Sai ya zagaye ka da tef, ya sa ka ɗaga hannu, ka zauna, ka miƙe. In ya gama ɗinki, akwai wata 'yar alama da yake yi da koren zare a bakin aljihu. Duk unguwa an san ta, har akwai masu tura ƙirji gaba a taro don a gani.

Ana nan sai ofishin tsaftar gari ya nemi wanda zai ɗinka wa sababbin masu shara kayan aiki. Yaya ya gwada sa'arsa, ya sha zirga-zirga har takalminsa ya siɗe, ƙarshe dai aka ba shi. Gida ya kaure da murna. Matarsa ta fara auna inda za a ajiye sabon firji, ni kuma na koma kiransa babban ɗan kwangila, yana hararata yana jin daɗi.

Ranar da ya je karɓar yadi, jami'in ofishin ya miƙo masa riga ɗaya da wando ɗaya, ya ce duka irin wannan za a yi. Yaya ya tambaya yaushe za a turo mutanen ya auna su. Jami'in ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai ba a ma gama ɗaukarsu aiki ba, kuma gwamnati ba ta da lokacin auna kafaɗar kowa. Yaya ya dawo jiki a sanyaye. Amma ya riga ya sa hannu, ya kuma yi hayar kekunan ɗinki biyu. Ya ba masu kawo masa ɗinki haƙuri, ya duƙufa. Koren zaren kuwa hannunsa ya saba, sai da ya sa shi a kowane aljihu.

Bayan ya kai kaya da 'yan kwanaki, wata safiya masu shara suka ɓullo a layinmu cikin sabon ɗinki. Na gaba dogo ne, wandonsa ya tsaya a ƙwauri kamar zai tsallaka ruwa. Na bayansa ɗan guntu, ya naɗe ƙafar wando har sau uku, ya ɗaure ƙugu da igiya, rigar ta sauko masa gwiwa. Masu jiran aski suka fashe da dariya, ni ma ban iya riƙewa ba. Sai wani mai idon tsiya ya hango koren zare, ya nuna shagon Yaya da baki.

A daidai lokacin ne wani tsohon malamin makaranta, wanda tun Yaya yana saurayi yake masa ɗinki, ya iso da yadi a hammata. Ya tsaya ya ƙare wa guntun nan kallo, ya dubi koren zaren da ke aljihun mutumin, ya juya da yadinsa ba tare da ya yi sallama ba. Yaya yana bakin ƙofa, ya ga komai. Dariyata ta koma ciki. Ban taɓa ganin kunya a fuskarsa irin ta ranar ba, kuma na san abin da ke cinsa: sunan da ya daɗe yana ginawa ne ke yawo a titi ɗaure da igiya.

Washegari ina buɗe shago na gan shi tsaye a bakin titi, tef a wuya. Guntun nan na isowa ya sha gabansa.

"Tsaya daidai."

Bawan Allah ya yar da tsintsiya, ya hau rantsuwa bai yi komai ba. Da ƙyar Yaya ya lallaɓa shi ciki, ya ara masa wani wando, ya rage nasa, bai karɓi ko sisi ba. Mutumin ya fito yana taku ɗai-ɗai kamar ango. Kafin mako ya zagayo, masu shara sun fara layi a ƙofar shagon, tsintsiyoyi jingine da bango. Abin da Yaya ya yanke daga wandon gajeru, shi yake ƙara wa dogaye, ya bi mahaɗar da ɗinki biyu har ka rantse ado ne.

Matarsa ta ce ita dai ba ta taɓa jin wanda ya yi kwangila sau biyu aka biya shi sau ɗaya ba, sai a gidansu. Kuɗin ma sai da aka kusa mantawa da su suka fito, hayar kekuna da zare suka cinye rabin ribar. Firji bai zo ba, fanka aka saya. Sai dai masu sharan nan ba su manta ba. Suka riƙa kawo kayan makarantar 'ya'yansu, kuma har yau ba inda ya kai ƙofar shagon Yaya tsafta a layin. Tawa ƙofar kuwa sai na yi magana.

Da shekara ta zagayo, jami'in ya zo da kansa, ya ce an yaba da aikin, ga sabuwar kwangila ta masu gadi. Yaya ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa ruwan sanyi, sannan ya ce:

"Yallaɓai, in za ku turo mini su in auna, ina so. In kuma riga ɗaya ce za ku miƙo mini, ku kai wa masu manyan injuna. Su da yadi suke aiki, ni da mutum."

Jami'in ya ce tsari bai ba da dama ba. Suka rabu lafiya, Yaya ma sai da ya gyara masa maɓallin da ke lilo a rigarsa.

Duk da haka na lura akwai abin da ya rage masa, don duk wanda ya gitta da yadi a hammata sai ya ɗaga kai. Rannan da hantsi, dogon nan yana shara cikin wandonsa mai kai idon sawu, sai ga tsohon malamin ya tsaya yana kallonsa. Ya daɗe. Daga nan ya tsallako, ya yi sallama, ya ajiye ƙunshi a kan tebur. Yadin nan ne dai na bara, ko warware shi ba a yi ba.

Yaya ya miƙe yana laluben tef. Malamin bai jira shi ba. Ya cire hula, ya ware hannuwa, ya ce:

"Na tsaya daidai."